Shehu Muhammadu Bakatsine da tsoron lissafi a azuzuwanmu

'Yan uwa malamai, duk wanda ya taɓa riƙe alli a darasin lissafi ya san irin shirun da ke biyo bayan tambaya. Ka rubuta a allo, ka juyo, sai ka tarar kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Yara da yawa sun riga sun yanke wa kansu hukunci tun daga gida cewa lissafi kayan Bature ne, kuma sai mai wata irin ƙwaƙwalwa ta daban ke iya shi. Ra'ayina shi ne muna da maganin wani ɓangare na wannan tsoro a cikin tarihinmu, amma mun bar shi a kulle.

A farkon ƙarni na 18 an yi wani malami a ƙasar Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya shahara a ilimin hisabi da na taurari, ban da fiƙihu da nahawu. Cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi, wadda take cikin Chadi a yau. Wajejen 1730 ya kama hanyar aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina murabba'in lambobi, wato abin da muka fi sani da hatimi. Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, babban masanin hisabi da falaki na Masar, wanda ya sauke shi ya kuma karɓi karatu a wurinsa. Ɗan wannan mai masauki, Abdurrahman al-Jabarti, ya ambace shi a cikin shahararren littafinsa na tarihin Masar. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta bayyana aikinsa a littafinta Africa Counts. Abin takaici, ɗalibi a Landan na iya cin karo da sunansa, alhali ɗalibi a Katsina zai gama sakandare bai taɓa jin sa ba.

Ga irin abin da ya yi nazari a kai. Zana gidaje tara, uku a tsaye uku a kwance, ka zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda kowane layi zai ba da jimla iri ɗaya, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Jimlar lambobin duka 45 ce, layuka kuwa uku ne, saboda haka dole kowane layi ya tashi 15. Jere ɗaya da ke cika sharaɗin shi ne 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. To me ya sa 5 ce kaɗai za ta iya zama a gidan tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa ta wurin, jimlarsu 60. A cikinsu an ƙirga kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ke nan ninki uku na lambar tsakiya. Yaron da ya gano wannan da kansa ya ɗanɗani hujjar lissafi, ko da bai san sunanta ba. Shehun ya shimfiɗa hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai masu gefen mara, kamar mai gidaje biyar a kowane gefe, inda layi ke tashi 65, da mai bakwai, inda yake tashi 175.

Na san wani zai ce ai hatimi harkar asiri ce, bai dace da aji ba. Gaskiya ne cewa a zamanin Shehun ana haɗa wannan ilimi da sirrin haruffa, kuma malaman addini suna da maganganunsu a kan haka. Wannan fage nasu ne. Abin da ya shafe mu shi ne ƙirga da tsari da hujja, waɗanda ba sa buƙatar komai sai alli da allo, kuma jami'o'in duniya na nazarinsu har gobe.

Lamarin ya wuce alfahari da magabata. Yaron da bai sami kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofar likitanci da injiniyanci da kimiyya ta rufe masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tsoron kuwa a firamare yake kafa saiwa. Darasi ɗaya ba zai cike gurbin ƙarancin malaman lissafi ba, ba kuma zai biya albashin da aka jinkirta ba. Waɗannan haƙƙoƙi ne da ƙungiya za ta ci gaba da nema. Amma akwai abin da ke hannunmu tun yau.

Shawarata ga shugabannin reshe ita ce a ware lokaci a taronmu na gaba, malaman lissafi su koya wa sauranmu wannan darasi, musamman malaman firamare da ke koyar da kowane fanni su kaɗai. Mu kuma rubuta wa hukumar ilimi muna neman a sa tarihin wannan malami a cikin abin da ake karantarwa. Ku kuma iyaye, ku zana gidajen nan tara a ƙasa bayan sallar isha'i, ku bar yara su fafata. Idan suka tambaya wa ya ƙware a wannan, ku ce musu wani malami ne daga Katsina, wanda malaman Masar suka zauna a gabansa suka ɗauki karatu.