Bayan Suna, Wa Ke Tambayar Mai Jego?

Yau za mu taɓo wata magana da ke cikin gidajenmu, amma ba mu cika faɗin ta ba.

Ranar suna gida ya cika, an yanka rago, an raba goro, kowa ya ɗauki jariri ya ce tubarkalla. Kwana biyu baƙi sun watse. In an yi arba'in wankan jego ya ƙare, tsohuwar da ta zo taya zama ta koma garinsu. Daga nan mai jego ta rage ita da goyo, ga na yaye yana kuka, ga daka da ɗiban ruwa na jiran ta. In mun gamu da ita tambayarmu ɗaya ce: "Ya yaro?" Ta ce "Lafiya lau," mu wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da ciwon damuwa bayan haihuwa. To, a ƙasar da mace ke haihuwar ƴaƴa shida ko fiye, ku duba mata nawa ke nan a unguwarmu kaɗai.

Ɗan kuka da sauyin hali a kwanakin farko kan wuce da kansa. Amma in an haura mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta iya barci ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranta, ba ta son shiga mutane, wannan ciwo ne kuma yana da magani. Mu kuwa me muke cewa? Wasu su ce raki ne, wasu su ce iska ce ta taɓa ta. Mai tausayin cikinmu ya ce "ki yi haƙuri," shi ke nan. Alhali uwar da zuciyarta ta gaji, shayarwa da kai yaro awo ko rigakafi duk nauyi suke mata, yaron ma yana ji a jikinsa.

Tun 2006 aka ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, don haka iyaye mata na zuwa likita da goyonsu. Muna roƙon ma'aikatan lafiya, in an gama awon yaro a ɗaga kai a ce wa uwar, "Ke fa, kina samun barci?" A Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. Wannan magana ma ta cancanci shiga zaman nan.

Maigida, ka karɓi yaron ta samu ta runtsa ko da awa biyu ne, ba abin kunya ba ne. Kai da ka tafi bida Abijan ko Libiya, turo kuɗi daidai ne, amma ka kira ka saurare ta. Uwar miji, kishiya da maƙwabciya, a ɗauke mata daka ko girkin yini ɗaya. Kada kuma mu manta da kakannin da aka bar wa jikoki, su ma suna gajiya.

In kuwa ta fara sambatu, ko ta ce ta gaji da rayuwa, ko tana tsoron kada ta cutar da jaririn, kada a bar ta ita kaɗai. A kai ta likita a ranar, addu'a ba ta hana neman magani.

Akwai mai jego a unguwarku. Yau da marece ku leƙa ta, ku zauna, ku tambayi lafiyarta ita kanta, kuma ku jira amsar. Allah Ya ba masu jego lafiya, Ya raya abin da aka samu.