Mu riƙa tunawa da mamatanmu, mu kuma kula da masu gadin hanyarmu

Duk mazaunin Abuja da ya jima a garin nan ba zai manta da safiyar 14 ga Afrilun 2014 ba, ranar da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya hallaka mutum fiye da 70, akasarinsu ma'aikata da 'yan kasuwa masu sammakon neman abinci. Kafin nan, a ranar 26 ga Agustan 2011, an kai hari ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda fiye da mutum 20 suka rasu. Sai kuma daren 28 ga Maris na 2022, da 'yan ta'adda suka dasa wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna bam, suka kashe aƙalla mutum 8, suka yi awon gaba da fiye da 60. Ragowar mutum 23 ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a watan Oktoba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Akwai wani mamaci da ba kasafai ake ambatonsa ba. Kwana 2 kafin harin jirgin ƙasan, wato 26 ga Maris, 'yan bindiga sun kutsa harabar filin jirgin saman Kaduna suka kashe wani mai gadi da ke aiki da hukumar kula da sararin samaniya ta ƙasa, NAMA. Wannan bawan Allah yana bakin aikinsa ne domin jirage su sauka lafiya. Filin da ya mutu yana gadi shi ne wanda mu mutanen Abuja muka dogara da shi a 2017, lokacin da aka rufe filin Nnamdi Azikiwe na mako 6 don gyaran titin saukar jirage.

A ganina mun yi sakaci da irin waɗannan mutane. A Amurka, duk ranar 11 ga Satumba ana karanto sunayen mutum kusan 3,000 da aka kashe a harin 2001 ɗaya bayan ɗaya. Daga 2003 kuma suka fara horar da matuƙan jirgi masu sa kai, ana ba su izinin riƙe bindiga a wurin tuƙi don kare fasinjoji. Mu ma muna da masu sa kai, sai dai ba mu san darajarsu ba. 'Yan agaji ne suka taya jami'ai ɗaukar gawarwaki da masu rauni a Nyanya, talakawa kuma suka je asibitoci suka ba da jini. 'Yan banga ne ke kwana a tsaye a unguwannin bayan gari, da yawansu da ɗan tocila da sanda kawai, ba albashi, ba inshora. Idan ɗayansu ya faɗi, sai a yi masa sutura a watse, marayunsa su shiga halin ni 'yasu.

Wani zai ce tsaro aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma dole mu ci gaba da matsa mata. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kula da maraya bai jira sai gwamnati ba.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, mu ware rana guda a kowane watan Afrilu don addu'a ga waɗanda hare-haren nan suka rutsa da su, Musulmi da Kirista, domin bam bai tambayi addinin kowa ba. Na biyu, a ranar matasanmu su je Babban Asibitin Ƙasa ko na Asokoro su ba da jini. Na uku, mu buɗe asusu na musamman, ko da naira 500 ce kowane wata daga kowane mamba, don kuɗin makarantar marayun 'yan banga da masu gadi da suka mutu a bakin aiki a unguwanninmu.

Idan kuma muka je filin jirgi ko tashar Idu aka ce mu buɗe jaka, mu buɗe ba tare da faɗa ko "ka san ko ni wane ne" ba. Mai binciken nan rayukanmu yake karewa.

Zan gabatar da waɗannan shawarwari a taronmu na gaba. Ina roƙon kowa ya zo da nasa ra'ayin. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Sakataren ƙungiya