Kada Malami Ya Rena Kazar Gida

Da yawa daga cikinmu, in mun gama karatu a nan, ba cikin birnin Kano za a ajiye mu ba. Wani za a tura shi Rano, wani Kibiya, wani Rurum ko Bunkure, a ba shi aji, ya kama haya ko ya koma gidan ubansa. Can zai tarar da abin da malaman da suka riga mu suka daɗe da sani, watau albashi ya kan ƙare tun wata bai ƙare ba. Saboda haka ina so in ba 'yan'uwana wata shawara, ko da ya ke na san waɗansu za su yi mata dariya. Ko wane malami ya ajiye kaji a gidansa, ya kuwa kiwata su da ilmi.

Mu fara da lissafi, tun da ya ke shi a ke koya mana. Kazar gida ta kan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, sa'an nan ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ta kan yi haka kamar sau 3 a shekara. To, a ce mutum yana da kaji 5 da zakara guda, ko wace kuma ta fid da 'yan tsaki 10 a ko wane kwanci. Ka ga 'yan tsaki 150 ke nan a shekara, daga jarin da bai kai kuɗin akuya biyu ba. Ko rabinsu suka rayu, gidan nan ba zai rasa abin yanka wa baƙo ba, ko mai jego, ko abin kai wa kasuwa ran da aka koro yaro don kuɗin makaranta. Saniya ba ta sayuwa don a sayi maganin zazzaɓi, akuya ma sai an yi shawara. Kaza kuwa da safe a ke kama ta, kafin azahar kuɗi suna hannu. Asusun talaka ke nan, mai ƙafa biyu.

Ƙasar Rano da Kibiya kuwa ta dace da wannan kiwo ƙwarai. Gidajen garuruwan nan har yanzu da sauran fili a bayan ɗaki, ba kamar lungunan birni ba. Ƙasar noma ce, ta dawa da gero da masara da gyaɗa, don haka duk gidan da a ke surfe ba a rasa dusa da tsaki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kafu a wajen Bunkure da Kura, masu lambu kuwa kullum cikin neman taki su ke. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, har sai an bar shi ya kwana biyu ya huce kafin a sa wa shuka. Ashe abin da a ke sharewa a zubar ma kuɗi ne. Da damina kuma, in aka sami ƙwan zabi aka sa wa kaza, sai ta kwanta a kansu wajen kwana 28, ta fid da 'ya'yan zabi ta rene su kamar nata.

Akwai kuma amfanin da ya fi na kuɗi. Ƙwai guda abinci ne mai gina jikin yaro, ga shi ba ya bukatar cefane. Har yanzu a waɗansu gidaje a kan hana yara ƙwai, wai kada su tashi da sata. Wannan camfi ne, ba shi da tushe. Malamin da ya ke ganin yara suna gyangyaɗi a aji tun da hantsi, ya kamata ya zama na fari da zai karya shi, ya fara da 'ya'yan cikinsa.

To, in haka ne, me ya sa ba mu ga masu kaji sun yi arziki ba? Nan ne maganar ta ke. Ƙyanƙyasa ba wuya, rayarwa ita ce aiki. A gidajenmu kaza ita ke kiwon kanta. Da gari ya waye sai ta ja 'ya'yanta goma ta shiga bola, shirwa ta ɗauki ɗaya, shaho ya ɗauki ɗaya, muzuru ya bi dare, ruwan sama ya kashe biyu, ƙuma ta tsotse saura. Bayan wata guda sai ka gan ta da uku suna bin ta. Waɗanda suka tsira kuwa, hunturu na zuwa sai annoba ta shigo gari. Ka ga kaza ta saki fukafukai, tana zawo kore, tana numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe, kafin mako guda akurki ya zama kango. Sai mai gida ya ce ƙaddara ce, ya jira baɗi ya sake sabon lale.

Ba mai musun ƙaddara, amma an umurce mu da neman magani. Wannan annoba sananniya ce ga likitocin dabbobi. An fara gane ta a 1926, aka sa mata sunan garin Niyukasul na ƙasar Ingila. In ta kama kaza ba ta da magani, barkono da ɓawon itace da a ke jiƙawa duk wahalar banza ce. Amma tana da rigakafi. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa can tun 1924, tana yin wani iri mai jure zafi, wanda aka yi musamman domin kajin karkara. Ɗigo ɗaya a ke yi wa ko wace kaza a ido, babba da ƙarama, a sake bayan kamar wata 4. Sharaɗinsa, a yi shi tun kaji suna lafiya, kafin iskar hunturu ta kaɗa.

Ga inda aikin malami ya ke. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an buɗe ta kuwa ba ta ajiyuwa. Banda haka, in ka yi wa naka maƙwabci bai yi ba, cutar ba ta bar unguwa ba. Saboda haka abin na taron dangi ne. Wa ya fi malami iya haɗa shi? Shi ya iya rubuta sunayen gidaje da yawan kajinsu, ya je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ya nemi iznin mai unguwa a sa rana. Kuma tun da ya ke yawancin kajin nan na mata ne da yara, ta bakin 'yan ajinsa magana za ta shiga har cikin ɗaki, inda shi ba ya iya shiga.

Sauran abin da ya rage ba ya cin kuɗi. A gina akurki mai iska, a riƙa share shi ana barbaɗa toka. A kife 'yan tsaki da babban kwando har su yi wata guda, a ba su tsaki da ruwa mai tsabta, a nemo musu gara. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta gamu da na gida, gama mutane da yawa sai sun ga ciwo ya shigo su ke kwasar kajinsu su kai kasuwa. Wannan kuwa zalunci ne, kada ɗayanmu ya aikata shi.

Na san abin da masu musu za su ce. Wani zai ce kaji ƙazanta ne, kuma su kan jawo faɗa da maƙwabta, ko su kawo ciwo. Da gaskiyarsa, in sakinsu aka yi. Ba a manta da murar tsuntsaye ba, wadda ta ɓulla a Jaji cikin 2006, farkon ganinta a Afirka, ta kuma shigo gonakin kaji na Kano. Amma darasinta shi ne, kada kaji su kwana ɗaki guda da mutane, yara su wanke hannu in sun taɓa su, wadda ta mutu a haƙa rami a binne, in kuwa mutuwar ta yi yawa a kai rahoto. Kazar da ke tsare ba ta ɓata shanyar kowa.

Wani kuma zai ce, in kiwo za a yi, me zai hana a sayi kajin gidan gona masu girma cikin mako 7, ko irin Shika Brown mai yawan ƙwai, wanda masanan Shika ta Zariya suka fitar? Waɗannan suna da kyau ga mai jari. Amma abincinsu na buhu ne, ranar da ka rasa kuɗinsa ranar hasara ta fara, zafin bazara kuma ba ya raga musu. Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya iya raya 'yan tsakin gida shekara guda ba tare da hasara ba, shi ya cancanci ya gwada na gaba.

Na uku ba zai faɗi tasa a fili ba, amma ita ce babba: wai malami guda, mai takardar shaida, a gan shi yana bin kaza. Jama'a, mu ji tsoron girman kan nan. Wanne ya fi kunya, a gan ka da kwanon dusa a bayan ɗakinka, ko a gan ka a ƙofar mai kanti kana neman bashi ran 20 ga wata? Mutanen gari ba su cika aiki da abin da malami ya faɗa ba, abin da suka ga ya yi shi su ke kwaikwayo. Ran da hunturu ya wuce, kajin gari suka ƙare, na unguwar malam suna nan suna kiwo, ba sai ya yi wa kowa wa'azi ba, da kansu za su zo tambaya.

Don haka ina roƙon hukumar makarantarmu ta ware mana akurki a gefen gona, ko wane aji ya riƙe shi zango guda, ya rubuta ƙwan da aka samu da 'yan tsakin da suka rayu. Mu koya a nan, kafin mu je mu koyar a can. Allah ya sa mu amfani jama'armu, amin.