FILIN MATA: In Sifika Ta Ƙi Shan Caji

 

Makon jiya na tafi Dogon Daji barkar haihuwa, gidan ɗiyar ƙanwata. Kun san garin, yana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, cikin ƙasar Tambuwal. Ina shiga na ga gidan ba walwala. Uwar miji ta shige ɗaki ta saki labule, mai jego sai cika ta ke tana batsewa, ga wani yaro ɗan shekara goma, ƙanen maigidan, ya raɓe bayan rumbu idanunsa jajur. Na ce, "Ke ɗiyata, lafiya gidan suna ya yi tsit haka?"

Ashe wai a kan sifika ne, 'yar ƙaramar nan marar waya wadda wasu ke kira MP, mai ɗaukar sauti daga wayar hannu ta Bluetooth ko daga memori. Mijinta ya sayo mata, da ita ta ke jin karatu da asuba, da ita ta ke jin labaru in tana aiki. Kwana uku ke nan ta ƙi shan caji. Yaron nan kuwa shi ake aika wa da ita wurin masu caji a bakin kasuwa in babu wuta. Sai mai jego ta ce lalle shi ya yar da ita, ko kuwa ya bari an musanya mata batir. Wansa ya tsula masa bulala, uwar ta yi fushi, gida ya yamutse.

Na ce a miƙo mini sifikar da tocila. Na haska ramin da ake soka wayar caji, sai ga shi cunkushe da ƙura da zaren zane, sun dunƙule kamar an danna auduga. Na kashe ta, na karyi tsinken tsintsiya, na yi ta sakato dattin a hankali, na hure. Aka kawo fawa bank na maƙwabta aka soka, nan take 'yar jar fitila ta kama. Kowa ya yi shiru. Ƙurar hunturu ta yi laifi, yaro ya sha duka.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance ke nan yau. Da wuya ka shiga gida yanzu ba ka ga sifikar nan ba, har cikin kayan ɗakin amare ake sa ta. Amma da ta ƙi caji, sai ko dai a jefar a ce ta mutu, ko a nemi wanda za a ɗora wa. Zato kuwa zunubi ne. Sau da yawa abin da ya hana ta caji bai kai kuɗin gishirin miya ba.

Ku ɗauki caji kamar ɗiban ruwa. Soket ɗin bango, ko sola, ko janaretan mai caji, shi ne rijiya. Kan caja shi ne guga, waya ita ce igiya, ramin cajin sifika shi ne bakin tulu, batir kuwa shi ne tulun kansa. In kika duba tulu ba ruwa, ai ba ki fara fasa tulun ba. Sai ki duba ko rijiya ta ƙafe, ko igiya ta tsinke, ko guga ya huje. To, haka nan za ki bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Rijiya ba ta da wuyar ganewa. Soka wayarki ta hannu a wurin, in ita ma ba ta sha ba, laifin ba na sifika ba ne. Ku kuma lura da fitilun sola masu ramin caji, yawancinsu wutarsu kaɗan ce, ba kamar in rana ta yi sanyi ko fitilar ba ta cika ba. Sifika na iya wuni a jikinsu ba ta ƙoshi ba.

Igiya kuwa, watau wayar caji, ita ce uwar masu laifi. Cikin robar nan akwai wasu siraran zaruruwan tagulla, kullum ana lanƙwasa su, ana nannaɗewa, yara na ja, har su karye daga wuya, alhali daga waje kin gan ta lafiya lau. Alamarta ita ce sai kin karkata ta, ko kin danne da dutse, kana fitila ta kama. In kin kai ga haka, kada ki ci gaba da dannewa, don wannan jijjigar ita ke kwance ramin sifikar, ƙaramar ɓarna ta haifi babba. Ari wata waya wadda kika tabbata tana aiki ki gwada. In ta yi, shi ke nan, sai ki sayi sabuwa mai kauri, gajeruwa ta fi. Araha ba ta ado.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗa mutane ƙwarai, har da masu boko. Bakin caji iri biyu ne ya fi yawa: tsohon yayi, wanda ke shiga ta fuska ɗaya kaɗai, da sabon yayi da ake kira Type-C, wanda ke shiga ko ta yaya kika juya shi. To, wasu sifikoki masu araha suna da sabon bakin, amma ba su shan caji da wayar da ke da Type-C kai da gindi, irin ta manyan wayoyin yanzu, domin masu ƙera su sun tsuke hannu sun bar wani ɗan ƙanƙanen abu wanda ke gaya wa caja ta saki wuta. Sai ki ga cajar maigida mai tsada ta ƙi yi, ki ce sifika ta mutu. Nemi waya mai faffaɗan kai a gefe guda, ki soka a kan caja na da, za ki ga ta kama.

Kan caja, ki duba rubutun jikinsa. Ƙananan sifikoki 5V su ke sha, kamar waya. Amma manya masu ramin caji zagayayye, irin na biki, wasunsu 9V ko 12V ko fiye su ke bukata, kowace da cajarta. Kada a yi musu aron caja don kawai bakin ya shiga, nan ne ake ƙone su. Kan cajar da ke zafi har ba ya taɓuwa, ko yana ƙara kamar sauro, ko yana warin roba, a rabu da shi. In kuwa an ɗauke wuta, ki zare caja daga bango, don lokacin da ta ke dawowa ta kan zo da ƙarfi.

Bakin tulu na riga na ba ku labarinsa. Abin da zan ƙara shi ne, don Allah ban da allura, ban da fil, ban da duk wani ƙarfe. Tsinke ko busasshen burushin haƙori ya isa, a kuma kashe ta tukuna. Mu da ke fama da ƙura wata da watanni, in sifikarki na da 'yar murfin roba, ki riƙa rufewa. In ruwa ya shiga, wajen wanke-wanke ko a damina, kada ki sa ta caji sai ta kwana biyu a inuwa, inda iska ke kaɗawa. In kin ga ramin yana rawa ko ya faɗa ciki, wannan aikin mai gyaran waya ne, ya ɗan like shi da dalma, ba wani babban abu ba ne.

Saura tulu, nan kuwa zan daɗe, don nan ne haɗarin ya ke.

Batirin sifika ba irin na rediyon iyayenmu ba ne. Ku 'yan makaranta, ana kiransa batirin litiyum, kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayar da irinsa a 1991, a 2019 kuma aka ba masana uku da suka yi aikinsa lambar Nobel. Shi ne cikin waya, shi ne cikin fawa bank. Yana da halinsa. Ba ya son a bar shi da yunwa. In kika ƙarar da shi ƙaf, kika jefa cikin akwati wata uku ko huɗu, sai ya yi doguwar suma. Ran da kika ɗauko ki ka soka, ko fitila ba za ta kama ba. Kada ki yi garaje. Kashe ta, ki bar ta a jikin caja mai kyau kamar awa guda, kina dubawa. Da yawa su kan farfaɗo. In za ki ajiye ta ki yi tafiya, bar ta da wajen rabin caji. Kuma jin sauti da ƙarfi tana jikin caja kamar zuba ruwa ne a tulu wani na kwarfewa, ba za ta cika da wuri ba.

Yana kuma tsufa. Bayan an cika shi an juye sau 300 zuwa 500, ƙarfinsa kan ragu. In da tana kai ki yini, yanzu ko tuwo ba ki gama tuƙawa ba ta mutu, to, batir ya gaji. A yawancinsu ana canja shi. Wasu na ɗauke da mai kama da na tocila, an rubuta masa 18650. Ki ce wa wanda kika aika ya tsaya a canja a gabansa. Na ƙwarai irin wannan bai cika wuce 3,500 ba a lambar ƙarfinsa, in ya ga an rubuta 9,900 to ƙarya ce aka buga a jikin roba.

Abin da ya fi ƙi duka shi ne zafi. Na san mu da muka tashi da rediyo mun saba in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, har a ɗan cije shi, ya ƙara kwana ɗaya. Wallahi kada wadda ta gwada wannan da na litiyum. Masu yin sa sun ce kada a yi masa caji in zafi ya wuce digiri 45. Mu kuwa nan ƙasar Sakkwato, cikin watan Afrilu zafi kan wuce 40 a inuwa, balle ɗakin kwano da tsakar rana. Saboda haka da bazara a yi caji da safe ko da dare, a ajiye ta kan siminti ko kan faranti. Ban da kan katifa, ban da ƙarƙashin matashi, ban da kusa da murhu. Kada kuma a kwanta barci a bar ta jikin wuta kusa da jariri, cikin gidan sauro.

In kika ga jikin sifika ya kumbura, ko ya buɗe ta gefe, ko tana zafi ba dalili, ko tana wani wari mai hawa kai, to, an gama maganar gyaran gida. Zare ta nan da nan. Kada ki danne kumburin, kada ki huda, don wuta ya ke tashi da ita, hayaƙinsa kuma guba ne. Fitar da ita waje, ki sa cikin tsohuwar tukunyar ƙasa mai yashi, nesa da danni da kara da hannun yara, har a sami mai kai wa mai gyara. Kada a zuba mataccen batir a juji, don mu kan cinna wa juji wuta, yara kuma nan su ke tone-tonensu.

Da zan taso daga Dogon Daji na ja ɗiyata gefe, na ce ta je ɗakin surukarta ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta kuma kira yaron ta roƙe shi gafara gaban wansa. Ta yi ta nauyin baki, wai ai yaro ne. Na ce yaro ma yana da haƙƙi. Ran suna dai na ga an zaɓa masa tsoka mai kyau daga naman rago, ga shi kuma rungume da sifikar yana zaga tsakar gida da ita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba fitilar sola, don wata 'yar'uwa daga Kebbe ta aiko da tambaya a kan tata da ke mutuwa tun kafin lisha.