A koya wa matasanmu haɗa tankin kifi da gyaransa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Illela ya sha jin labarin Tafkin Kalmalo daga bakin manya, zamanin da masunta ke cika kwanduna da tarwaɗa da ƙarfasa. Ruwan ya ja baya, kifin ya yi ƙaranci, shi ya sa yanzu ake ta kwaɗaitar da matasa kiwon tarwaɗa a cikin gida. Ina goyon bayan wannan kira, don ni ma ina kiwon a bayan ɗakina a nan Tozai. Tarwaɗa kifi ce mai juriya, tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, kuma cikin 'yan watanni take isa sayarwa. Abin da ke damuna shi ne, duk inda aka zauna koyar da sana'ar, maganar 'ya'yan kifi da abincinsu ake yi. Mazubin da za a saka su ba a cika waiwayarsa ba, alhali a nan ne jarin mutane da yawa ke tsiyayewa.

Ruwa lita 1,000 nauyinsa tan ɗaya ne cur. Idan aka ɗora tankin roba a ƙasa marar daidaito, ko aka bar tsakuwa guda a ƙarƙashinsa, wannan nauyi zai yi ta danna wuri ɗaya har ya tsage. Ga ranar Afrilu da ke wuce digiri 40, tana gasa robar har ta bushe ta riƙa karyewa. Rumfar zana da yashi mai laushi da aka baje a ƙasa sun isa su ƙara wa tanki shekaru.

In ya tsage kuwa, abin da ake fara yi shi ne a ruga shago a sayo gam. Asarar kuɗi ce. Irin robar da ake yin manyan tankunan ruwa da ita ba ta karɓar gam, sai wuta. A kwashe kifin, a busar da wurin, a huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan a narkar da ɓallin roba irinta a bi tsagar ciki da waje. Wa ya iya wannan? Mai liƙin jarkokin 'yan garuwa da ke zaune a bakin kasuwa da ƙarfensa a cikin garwashi. Na tsaya na kalli ɗaya daga cikinsu yana aiki: sai da ya kankare bakin tsagar da wuƙa har sabuwar roba ta fito, ya shinshina hayaƙin ɓallin da zai yi amfani da shi, ya ce wannan ba jinsinsu ɗaya ba, ya canza wani. Ilimi ne babba, amma ban taɓa ganin an gayyaci irinsa wurin horo ba.

Tankin tamfol kuma faci ake yi masa daga ciki, don ruwan ya riƙa danne facin. Na siminti sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa kafin a saka kifi, in ba haka ba kaifin simintin ya kashe su.

Akwai kuma yaran da suke kallon akwatunan kifin ado a waya, waɗanda ake haɗawa da akirilik, robar nan mai garai-garai kamar gilashi. Sha'awarsu ta burge ni, amma gara su san gaskiya. Akirilik ba ya riƙe silikon da kyau. Wani ruwan sinadari ake ɗiga masa ya narkar da bakin allunan biyu su zama ɗaya, don haka in yankan bai miƙe sak ba, sai yoyo. Yana saurin ƙarcewa, mu kuwa ƙurar hunturu ba ta barin komai, ga tsada, ga shi sai an aiko daga manyan birane. Wanda ke son ƙaramin akwati don lura da ƙananan 'ya'yan kifi, gilashi da silikon sun wadatar, muddin ya guji silikon ɗin banɗaki mai maganin fumfuna, wanda guba ne ga kifi.

Mun ga yadda rayuwa ta tsaya a nan lokacin da aka rufe iyakarmu da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Matasan da abincinsu ke kan hanyar Illela zuwa Ƙonni sun zauna hannu rabbana. Sana'ar da za a yi a tsakar gida, a gyara kayanta a cikin gari, ita ce ba ruwanta da shingen iyaka.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen nazarin kifi a Sakkwato, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Ina roƙon ƙaramar hukumar Illela da gwamnatin jiha, in za a sake shirya horo, a nemo masana daga can, a zaunar da su tare da masu liƙin roba da magina da masu aikin famfo na garuruwanmu. Kuma kada a miƙa wa matashi 'ya'yan kifi sai an ga ya kafa tanki da hannunsa, ya cika shi da ruwa, ya kwana bai yi yoyo ba.