Mai Ciwon Sukari Ya Faɗa Wa Abokin Tafiyarsa

Da yawa daga cikinmu 'ya'yan ma'aikata ne. Iyayenmu da yayyenmu suna neman abinci a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, wasu a kamfanonin robobi, wasu a na jimar fata, wasu kuma su ne direbobin manyan motocin da ke kwashe kayan. Aikin nan yana da tafiye-tafiye. Fatar da ake jimewa a Challawa Italiya da Sifen ake kai yawancinta, injuna da kayan gyaransu daga Sin da Indiya ake zuwa da su, takalman roba da bokitai kuwa ta Katsina da Jibiya suke bi zuwa Maraɗi. A cikin masu wannan zirga-zirga akwai masu ciwon sukari, kuma abin da ya dame mu shi ne yadda wasunsu ke ɓoye ciwon don tsoron kada a cire sunansu daga tafiyar. A ganinmu ɓoyewar ta fi ciwon haɗari.

Dalilinmu shi ne, tafiya tana rushe tsarin da mai ciwon ya saba da shi. A gida ya san lokacin kokonsa da tuwonsa, maganinsa kuma yana bin wannan lokaci. A hanya abinci yakan makara, ko a kawo wanda bai iya ci ba. Idan ya yi allurar insulin, ko ya sha ƙwaya irin su glibenclamide, sannan bai ci komai ba, sukarin jininsa zai iya faɗuwa ƙasa da 70, wato iyakar da likitoci suka ce daga nan an shiga hatsari. Sai gumi ya keto masa, hannu ya kama rawa, magana ta sarƙe, wani ma ya yi ta faɗa ba dalili. Wanda bai san shi ba cewa zai yi ya sha ya bugu. To, a filin jirgin Milan ko a kasuwar Guangzhou, inda ba mai jin Hausa, wa zai ce ba maye ba ne in ba abokin tafiyarsa ba? Maganin kuwa ba shi da tsada: sukari kamar giram 15, wato cokalin shayi uku ko huɗu, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa. In ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Duk wannan sai wanda aka gaya wa tun kafin a tashi ne zai iya yi.

Direbobi su suka fi ba mu tausayi. Mutum yana riƙe da tirela cike da kaya, ga yaron mota a gefensa bai san komai ba. Da maigida ya faɗa masa, da shi zai fara lura in ido ya sauya, ya ce a tsaya. Sannan kan iyaka ba ta da tabbas. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, haka kuma aka rufe ta Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulki, motoci suka yi layi kwana da kwanaki. Wanda ya ɗauki maganin kwana uku kacal a irin wannan rana ya shiga uku. Shi ya sa ake ba da shawarar a ninka abin da ake zaton za a buƙata.

Insulin ba ya son zafi, daskarewa kuma tana kashe shi gaba ɗaya. Saboda haka ba a ajiye shi a gaban mota inda rana ke duka, ba a kuma sa shi a akwatin da za a jefa ƙarƙashin jirgi; a jakar hannu yake tafiya tare da takardar likita. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi kuwa yakan yi kusan mako huɗu a inuwa. Inda babu firiji, ƙaramin tulu mai laima yana taimakawa, dabarar da kakanninmu suka sani tun kafin a gano insulin a Toronto a 1921.

Akwai kuma rikicin lissafi, wanda 'yan ajin kimiyya za su ji daɗinsa. Abin da na'ura ɗaya ta kira 70, a asibitin Ingila ko Sin 3.9 za a rubuta, don ana raba lambar da 18, a Maraɗi kuma ana iya rubuta 0.70. Agogo ma haka: Dubai tana gabanmu da awa 3, Sin da awa 7, ranar mai tafiya gabas takan gajarta, lokacin allura ya goce. A Indiya har yanzu ana samun insulin mai ƙarfin 40 ban da mai ƙarfin 100, kowanne da sirinjinsa, in aka haɗa su ba daidai ba awon ya ɓaci. Waɗannan ba abin yin hasashe ba ne. Likita ne zai tsara su, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Murtala, makonni kafin ranar tashi.

Za a ce mana, ai lafiyar mutum sirrinsa ce, kuma wanda ya faɗa yana iya rasa damarsa. Gaskiya ne, tsoron ba na banza ba ne, musamman yanzu da masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai suka rufe, aiki ya yi wuya. Amma ba mu ce a yi shela a bakin ƙofar kamfani ba. Mutum ɗaya ya isa, wanda za a kwana ɗaki ɗaya ko a zauna mota ɗaya da shi. Masu kamfanoni kuma nauyin yana wuyansu. Kamfanin da ke biyan kuɗin biza da masauki ba zai gaza ba wa ma'aikacinsa rana guda ya ga likita ba, tare da tabbatar masa cewa wanda ya bayyana ciwonsa ba za a maye gurbinsa da wani ba.