Abincin Sinawa Ya Wuce Soyayyiyar Shinkafa

Duk wanda ya shiga gidan abincin Sinawa a Abuja ko Legas ko Kano, kusan abu ɗaya za a ajiye masa: soyayyiyar shinkafa da ƙwai, taliya da kayan lambu, sai kaza cikin miya mai zaƙi da tsami. Ya ci, ya biya kuɗi masu tsoka, ya fita yana cewa ya san abincin ƙasar Sin. Alhali a bakin zaure ya tsaya.

Ƙasar da ke da mutum sama da biliyan 1.4 ba ta girki da tukunya ɗaya. Arewacinta alkama ake nomawa saboda sanyi da ƙarancin ruwa, don haka taliya da burodin turare su ne abincin yau da kullum. Kudu kuwa ƙasar shinkafa ce. Su kansu Sinawa sun kasa girkinsu gida takwas, kowanne da sunan lardinsa, irin su Shandong da Hunan da Sichuan da Guangdong.

Mutanen Sichuan ba sa wasa da yaji. Bayan barkono, wanda sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya iso Sin daga nahiyar Amurka, suna da wani ɗan ice da ke kashe harshe na ɗan lokaci, leɓe ya riƙa rawa. Da shi suke dafa awara, wadda dama asalinta nasu ne, cikin jan mai da niƙaƙƙen nama. A 2010 hukumar UNESCO ta sa Chengdu, babban birnin lardin, cikin biranen da suka yi fice a girki. Mutumin Guangdong kuwa gani yake yaji ɓata abinci ne: ya turara ɗanyen kifi da citta da albasa, ya bar shi haka.

To me ya sa duniya ta san ɓangare ɗaya kawai? Domin 'yan Guangdong ne suka fi yawa cikin waɗanda suka fita ci-rani Amurka a ƙarni na 19, suka gyara girkinsu daidai da bakin masu saye. Shahararriyar soyayyiyar kazar da ake kira kazar Janar Tso ma wani kuku ne, Peng Chang-kuei, ya ƙirƙiro ta a Taiwan cikin shekarun 1950, aka ƙara mata sukari a New York. Irin wannan jerin abinci ne ya bazu har ya iso Najeriya.

Musulmi kuwa yana da nasa dalilin ɗari-ɗari da abincin Sinawa, kuma dalili ne mai ƙarfi. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya, a Sin ake cinsa. Kitsensa na shiga girki, haka ma giyar shinkafa ta Shaoxing da ake jiƙa nama a ciki, ko da naman kaza ne. Shi ya sa ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai tafi sari Guangzhou ko Yiwu yakan cika jaka da kilishi da garin kunu, in ya gaji ya nemi gidan abincin Larabawa ko Turkawa. Amma a lunguna irin na unguwar Xiaobei ta Guangzhou da yake kwana, akwai shaguna masu koren allo da alamar halal da Sinawa ke kira "qingzhen". Na Musulmin Hui ne, al'ummar da ta haura miliyan 11.

Abin da suka fi sayarwa shi ne taliyar Lanzhou, wadda ake danganta farkonta ga wani Musulmi, Ma Baozi, a 1915. A gaban mai saye ake jan kwaɓin fulawa, a ninka, a sake ja, har ya zama zare. A tsoma a tafasasshen ruwa, a zuba romon naman sa mai garai-garai, a ɗiga man barkono. Ga araha, ga ƙoshi. 'Yan Uygur na Xinjiang kuma suna gasa naman rago a tsinke, suna dafa shinkafa da karas da kitsen rago, suna manna burodinsu a jikin tanderu kamar yadda ake yin gurasa a Kano. A Beijing, gidan Donglaishun, da wani Musulmi ya kafa a 1903, har gobe yana yanka naman rago fale-fale, mai ci ya tsoma da kansa a tukunyar da ke tafasa a tsakiyar tebur.

Teburin cin abincin Sinawa ma wani abu ne. Zagayayye ne, sau da yawa da faifan gilashi mai juyawa, kwanuka na kowa da kowa. Wanda ya je shi kaɗai ya nemi faranti guda ya yi asara.

Masu gidajen abincin Sinawa a Najeriya ne ya kamata su fara gyara. Su rubuta lardin da girkinsu ya fito, su bayyana ko an sa giya ko kitsen alade, maimakon barin mai ɗauko abinci yana inda-inda. Wanda kuma ke neman kasuwa a Kano ko Kaduna, kukun da zai ɗauko daga Lanzhou ko Xinjiang zai fi tara masa jama'a fiye da wanda ya ƙware a miya mai sukari.